Karatun mataimakin likita a Amurka: wane digiri ake nema, kuma me ke biyo bayansa?

Zulaihat:
Assalamu alaikum. Masana, ina neman ƙarin haske a kan aikin da ake kira PA a Amurka, wato mataimakin likita. Idan mutum ya yi digirin farko a fannin kimiyya a jami'ar Najeriya, yanzu kuma yana zaune can da takardunsa, me ake buƙata kafin a ba shi izinin duba marasa lafiya? Wasu sun ce digiri na biyu ne, wasu sun ce yanzu sai da digirin digirgir. Sannan wanda ya riga ya yi MBBS, wato digirin likitanci, ko ya yi karatun mataimakin likita a Ghana, ana rage masa wani abu?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin a nan aka fi ruɗuwa. Ba a ragewa. Sai mutum ya kammala karatu a makarantar da ARC-PA, hukumar tantance makarantun PA, ta amince da ita kafin NCCPA, hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewar PA, ta bar shi ya zauna jarrabawarta. Mai MBBS na gida da mai digirin Ghana duk daga farko za su faro, kuma yawancin makarantun ba sa yafe ko kwas ɗaya.

Karatun PA kuwa digiri na biyu ne, kuma galibi yana cin wata 24 zuwa 30. Shekarar farko a aji ake yin ta: ilimin sassan jiki, yadda gaɓoɓi ke aiki da yadda cuta ke lalata su, ilimin magunguna, ɗaukar tarihin maras lafiya da gwada shi, karanta sakamakon gwajin jini da hoton ƙirji da na bugun zuciya. Abin da ke kayar da ɗalibai a nan shi ne sauri. Jarrabawa kusan kowane mako, kuma kwasa-kwasan a jere suke, wanda ya faɗi ɗaya yakan jira ajin da ke bayansa ko a sallame shi. Shi ya sa makarantu ke gargaɗin kada a haɗa karatun da aikin neman kuɗi.

Daga nan sai zagayen asibiti, kimanin awa 2,000. Sassa bakwai ne na dole: likitancin iyali, cututtukan manya, tiyata, yara, lafiyar mata da goyon ciki, sashen gaggawa, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kowane zagaye yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, da jarrabawa a ƙarshensa.

Hajiya Rabi:
Malam Habu ya yi bayani, amma ni a ganina wahalar ta fi yawa kafin a shiga. Ƙanwata, duba abubuwa guda biyu da kyau.

Na farko, kwasa-kwasan share fage. Kusan kowace makaranta tana son ilimin sassan jiki da aikin gaɓoɓi, ilimin ƙwayoyin cuta, kemistiri, ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan'adam, na kimiyyar kuma tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Za ki tura takardun jami'arki ga kamfanin tantancewa irin WES ya auna su kwas-kwas. To amma ko da an amince da digirin, makarantu da yawa suna cewa waɗannan kwasa-kwasan sai an yi su a makarantar Amurka ko Kanada, wasu kuma ba sa karɓar wanda ya wuce shekara 5 zuwa 10. Mafita mai sauƙin kuɗi ita ce yin su a kwalejin al'umma, wato ƙananan kwalejojin shekara biyu na Amurka, amma a karanta sharaɗin kowace makaranta kafin a biya, don ba bakinsu ɗaya ba. Mafi ƙarancin matsakaicin makin digiri da ake karɓa yawanci 3.0 ne cikin 4.0, sai dai waɗanda ake ɗauka sun fi haka nesa.

Na biyu, awannin kula da marasa lafiya. Wasu makarantu na neman 500, wasu 1,000 ko 2,000. Abin da ake ƙirgawa shi ne aikin da hannunki ke taɓa maras lafiya: ma'aikacin motar agajin gaggawa, mataimakin nas, mai ɗibar jini. Zama a teburin rajista ko bin likita kina kallo, a wani gurbi daban ake rubuta su, kuma cusa su cikin awannin kula da marasa lafiya yana zubar da ƙimar takarda. Ana neman gurbin karatu ta manhajar CASPA, wadda ke miƙa takardu ga makarantun PA, da ke buɗewa a ƙarshen Afrilu. Makarantu da yawa suna cike gurabe ne yayin da takardu ke shigowa, saboda haka da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wasu na neman GRE, jarrabawar shiga digiri na biyu, wasu TOEFL, jarrabawar Turanci.

Ɗan Katsina:
Ni bari in ɗora daga ranar kammalawa. Jarrabawar ƙasa sunanta PANCE: tambaya 300, kashi biyar, kowane kashi tambaya 60 cikin minti 60. Makin ci 350 ne a sikelin 200 zuwa 800. Dama shida ake da ita cikin shekara shida bayan kammalawa, da tazarar kwana 90 tsakanin zama da zama. Idan suka ƙare, sai an sake karatun gaba ɗaya. Wanda ya ci shi ke sa PA-C bayan sunansa, wato PA mai shaidar NCCPA.

Wannan shaidar ba lasisi ba ce. Lasisi jiha ce ke bayarwa, kuma dokar alaƙarki da likita ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Rubuta magunguna masu sa maye kuwa sai da rajistar DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, wadda tun 2023 take neman horon awa 8 a kan kula da masu shaye-shaye.

Riƙe shaidar ma aiki ne. Kowace shekara biyu ana son maki 100 na ƙaro ilimi, aƙalla 50 daga rukuni na ɗaya, wato darussa da tarukan da aka tantance, kuma sai an shigar da su a shafin NCCPA an biya kuɗi. Da yawa sun halarci tarukan amma sun manta shigarwa har wa'adi ya wuce. Kowace shekara goma kuma akwai jarrabawar sabuntawa: ko PANRE mai tambaya 240 a zama ɗaya, ko PANRE-LA, tambaya 25 duk wata uku daga gida, minti biyar kowace tambaya, da damar duba littafi.

Zulaihat:
Allah ya saka da alheri. To maganar digirgir ɗin fa, daga ina ta fito?

Hajiya Rabi:
Amin. Daga DMSc ne, digirin digirgir a kimiyyar likitanci, wanda jami'o'i irin su Lynchburg da A.T. Still ke bayarwa ga waɗanda suka riga suke aiki, yawanci ta intanet. Babu jihar da ke neman sa don lasisi, kuma ba ya ƙara miki ikon yin wani aiki a kan maras lafiya. Amfaninsa ga mai son koyarwa ne ko shugabanci. Mai son ƙwarewar hannu a tiyata ko sashen gaggawa, horon asibiti na wata 12 zuwa 18 bayan kammalawa ya fi masa, tunda a can biyan sa ake yi, duk da albashin bai kai na cikakken ma'aikaci ba.