Neman shawara: hular kwanon da take yi mini kyau tana lilo a kaina

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur na koma hawa keke zuwa wurin aiki, ba domin rowa ba, sai domin kuɗin makarantar yara da hidimar mahaifiyarmu duk suna wuyana, ga shi babur ɗin ma ya daɗe yana neman gyaran inji. Ina da hular kwano guda biyu. Ɗaya sabuwa ce fara wadda ƙanena ya aiko mini, tana zama daram a kaina, amma girmanta ya sa abokan aiki suna kirana Mai Ƙwarya. Ɗayar baƙa ce siririya da na saya a gwanjo, kowa ya gani sai ya yaba, sai dai idan na waiga tana zamewa zuwa ƙeya. Shin idan na sa ƙube a ciki domin ta cike, ya wadatar?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, bai wadatar ba, kuma ina ba ka shawara ka ajiye baƙar nan yau. Abin da yake kare kai shi ne farin soso mai tauri da ke cikinta, wanda yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugu, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin. Hular gwanjo tana iya kasancewa ta riga ta bugi kwalta a kan mai ita na farko alhali bayanta yana sheƙi. Ka nemi tef ɗin tela ka auna kewayen kanka sama kaɗan da gira, ka gwada da sentimitar da aka rubuta a ciki. Ya kamata gabanta ya tsaya yatsa biyu sama da gira, igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma kada ta bar gurbin da ya wuce yatsa ɗaya ko biyu.

Maman Biyu: Ni dai matsalata masu adaidaita sahu ce. Ɗana yana sanye da hularsa wani ya matse shi a shataletale har ya karye a hannu, kuma direban ko tsayawa bai yi ba. A fara gyara musu tuƙi tukuna.

Baban Ummi: A ƙasar Holan, inda kusan kowa yake hawa keke, mafi yawansu ba sa saka hula. Idan farar ce za ta sa ka jin kunya har ka daina sakawa, gara ka ci gaba da baƙar, domin da babu gara ba daɗi.

Injiniya: Mutanen Holan suna da hanyoyin keke da aka ware musu daban da na motoci, Alhaji, shi kuwa wannan bawan Allah da tirela yake raba titi. Hular da take zamewa zuwa ƙeya ta bar goshi a buɗe, ƙube kuma zai ƙara mata santsi ne kawai. A 2009, da aka tilasta wa masu babur saka hular kwano, mun ga waɗanda suka kifa ƙwarya ta gaske a ka domin kauce wa jami'ai, ba ta kuwa kare kowa ba. Malam, ka duba cikin baƙar, akwai tambarin tabbatar da ingancin hular keke, wato EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka?

Ɗan Gwale: Na gode, amma takardar cikin ta goge. Mai kayan ya rantse mini cewa ba a taɓa faɗuwa da ita ba, kuma ni ba na gudu, a hankali nake tafiya. Sannan ku ba ku san irin ofishinmu ba, ba a raga wa mutum.

Injiniya: Shi mai kayan a dila ya same ta, ta yaya zai san tarihinta? Kuma har yanzu ba ka faɗa mana awon kanka ba.

Ɗan Gwale: Zan auna idan na samu sarari, in sha Allahu. Amma shin akwai wanda ya san inda ake sayar da soson da ake liƙawa a ciki, mai ɗan kauri?