Likita ya ce ina da kogo biyu, ni kuma ban ga komai ba

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wankin haƙori kawai na je yi, ba abin da ke min ciwo. Likitan ya leƙa da ɗan madubi, ya hura iska, sannan ya sa min wani abu na cije aka ɗauki hoto. Wai akwai kogo biyu a tsakanin haƙorana na tauna, sai an cike. Na dawo gida na haska da fitilar waya, fari tas! Anya ba kuɗi ake so ba? Kuma ina shayarwa, hoton nan ba ya cutarwa?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Hajiya, abin da bai dame ki ba kar ki dame shi. In ya fara ciwo ki danna kanumfari.

Anti Bilki:
Haba Baban Yusra, kar ka kai ta ka baro. Ni aikina ke nan a ɗakin haƙori. Maman Hanif, farin ɓawon da ke saman haƙori ba shi da jijiya, shi ya sa ruɓa kan daɗe tana cinsa mutum bai sani ba. Sai ta kai ga na ƙasansa ki fara jin tsami in kin sha ruwan sanyi ko zaƙi. Ranar da ya hana ki barci kuwa, galibi ta isa ɓargon haƙorin ne.

Iskar da ya hura miki, busar da haƙorin yake yi, don farkon ruɓa yakan fito kamar ɗigon alli, yawu kuma na ɓoye shi. Amma inda haƙora biyu suka manne da juna, madubi ba ya shiga, ido ba ya gani. Nan ne amfanin hoton eksire ɗin da kika cije. Lafiyayyen haƙori yana tare hasken, sai ya fito fari. Wurin da ruɓa ta zaizaye, hasken na ratsawa, sai ki ga ɗan duhu a gefen haƙorin. Kuma fa sai ɓarnar ta ɗan yi nisa take bayyana, don haka sau da yawa ramin ya fi yadda hoton ya nuna girma.

Batun shayarwa kuma ki kwantar da hankalinki, hasken kaɗan ne ƙwarai kuma ba ya zama a nono. Mai juna biyu dai ta riƙa gaya wa likita kafin a ɗauka.

Umar Tela:
Gaskiya ne. Ni ma haka na yi gardama na ƙi komawa. Bayan kamar shekara guda ina cin gyaɗa haƙorin ya fashe, ashe ciki duk ya zama holoƙo. Kumatuna ya kumbura, ƙarshenta cire shi aka yi. Har yau da gefe ɗaya nake tauna nama.

Hajiya Gambo:
Mu da ana ce mana tsutsa ce, har a turara hayaƙi wai ta faɗo.

Anti Bilki:
Hajiya, babu tsutsa ko ɗaya. Ƙwayoyin cuta ne da ke cikin dattin baki, suna cin sukari su fitar da tsami mai narkar da haƙori. Maman Hanif, in zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ce ya nuna miki wurin a jikin hoton, ki tambaye shi ko ruɓar ta wuce ɓawo. In ba ta wuce ba, wani lokaci ba a ma cikewa, maganin fuloraid mai ƙarfafa ɓawon haƙori ake shafawa a sa ido. Kina iya kai hoton wa wani likitan ma ya duba.

Maman Hanif:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Yanzu na tuna, duk na ci nama sai ya maƙale a daidai wurin. Ranar Litinin zan koma ya nuna min, in sha Allahu.