Shin Lasin Kaɗai Ya Isa a Miƙa wa Sabon Direba Makullin Tirela?

Sabon direba daga Zariya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala makarantar koyon tuƙi, na kuma karɓi lasin rukunin G, wanda shi ne ke ba mutum izinin jan tirela a Najeriya, amma duk inda na kai takarduna, tambayar da ake fara yi mini ita ce shekara nawa na yi a kan hanya. Wani dattijo a gareji ya faɗa mini ƙarara cewa duk wanda bai yi yaron mota ba, babu mai ba shi babbar mota, komai kyan takardunsa. Ni dai ban ga adalci a wannan magana ba, domin idan kowane mai mota gogagge yake nema, a motar wa sabon zai goge?

Alhaji mai tireloli, Potiskum: Wa'alaikumus salam, ɗana. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka, ko da ba ta yi maka daɗi ba. Lasin shaida ce da ke tsakaninka da hukuma, ni kuwa abin da nake miƙa wa direba dukiyata ce da ta mutane. Idan aka loda shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Legas, ko hatsi daga kasuwar Dawanau ta Kano, motar za ta bi ta Mokwa da Jebba, ta kwana a hanya, ta ratsa shingaye masu yawa, kuma a duk tsawon tafiyar ba na kusa. Wanda ya taso a gareji na san ubangidansa, na san gidansu, na san yadda yake yi idan ransa ya ɓaci ko kuɗin man gas ya shiga hannunsa. Kai fa, wa zan tambaya a kanka? Makarantar da ta ba ka takarda ba za ta biya ni ko sisi ba idan ka kwantar da mota.

Malamin makarantar tuƙi, Kaduna: Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka ta amana na karɓa, amma cewa zaman yaron mota shi ne ke samar da direba nagari, wannan ban yarda da shi ba. Yaro yana gadon duk abin da ya gani a wurin ubangidansa, mai kyau da marar kyau. Mu da ke karɓar tsofaffin direbobi domin sake horar da su mun san wahalar da muke sha kafin mu raba mutum da sakin mota babu giya a gangara don ya rage shan man gas, alhali mota mai cikakken lodi idan ta ɗauki gudu a gangara, aka dinga taka birki har ya yi zafi, babu abin da zai tsayar da ita. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa iyakar gudun tirela da tanka a babbar hanya mai tagwaye kilomita 60 ne a sa'a ba, balle a zo maganar shan ƙwaya don korar barci, wadda yara ke koya tun suna bayan mota. Sabon da ya fito daga makaranta bai iya abubuwa da yawa ba, na yarda, amma bai ɗauko waɗannan ɗabi'u ba tukuna, kuma koyar da shi ya fi sauƙi.

Tsohon direba, Kano: Malam, ka yi mana kuɗin goro, kuma ba haka ya kamata ba. Akwai ɓatagari a cikinmu kamar yadda suke a kowace sana'a, amma yawancin motocin da ke ciyar da ƙasar nan hannun waɗanda suka fara da wankin mota suke. Bari in gaya wa ɗan nan abin da ake koya a waɗannan shekaru da yake ganin ɓata lokaci ne. Yaron mota shi ne ke sa waigi, wato abin tokare taya, idan an tsaya a hawa, shi ke ɗaure tamfol, shi ke cire taya a tsakiyar daji da dare, shi ke tsayawa a kan masu lodi don kada su jibge nauyi a gefe guda. Yana zaune kusa da direba yana jin ƙarar inji, har kunnensa ya saba, ta yadda idan wani abu ya canza zai gane kafin ya zama ɓarna. Ya san inda ake kwana lafiya, irin su Tafa da Mararrabar Jos da Ogere, ya san makanikan kowane gari, ya kuma san yadda ake magana da jami'in da ya tare hanya ba tare da an kwana a wurin ba. Ranar da aka ba shi sitiyari, tuƙin ne kawai ya rage masa. Shi kuwa ɗan makaranta tuƙin kawai ya iya, kuma da mota marar kaya, a fili mai faɗi.

Wani da ya daɗe a yaron mota: Baba, da girmamawa, ka faɗi rabin labarin ne. Babu wata ƙa'ida da ta ce bayan shekara kaza za a sallami yaro, komai yana hannun ubangida. Idan ka dace da mai tsoron Allah, zai riƙa ba ka mota a inda hanya ta miƙe, daga baya ya kai ka wurin mai mota ya tsaya maka. Idan ba ka dace ba, za ka yi furfura kana wanke gilashi, domin shi ma ba ya son rasa mai yi masa aiki a kan kuɗin abinci. Ni irin na biyun na samu, kuma na san da yawa irina. Saboda haka kada a tura wannan bawan Allah cikin abin da ba shi da ranar ƙarewa.

Jami'in sufuri a wani kamfani: Ina ganin ana haɗa kasuwa biyu ne a wuri guda. Masu motoci irin su Alhaji da sanayya suke ɗaukar direba, kuma a wurinsu maganar dattijon gareji tana nan daram. Kamfanoni masu tarin motoci kuwa tsarinsu daban ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana da tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin sufuri daga biyar zuwa sama ya yi rajista, ya kuma kula da horar da direbobinsa, don haka a wurinmu takarda tana da daraja. Muna duba ingancin lasin, muna duba shekaru, tunda lasin haya sai mutum ya kai shekara 26, muna gwada ido da lafiya, muna so mutum ya iya karanta takardar kaya, sannan mu hau mota da shi mu gani da idonmu, musamman yadda zai koma da baya da bodi. Duk da haka, ban taɓa ganin an ɗauki sabo an ba shi mota shi kaɗai zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ba. Yakan fara ne a matsayin direba na biyu, ko mai jujjuya motoci a cikin harabar kamfani, kuma sai ya kawo mai tsaya masa wanda za a iya kamawa. Buƙatar direbobi kuwa akwai ta, domin a 2025 matatar Dangote kaɗai ta sanar da shirin shigo da manyan motoci 4,000 masu amfani da iskar gas, ga kuma motocin siminti da ke fita daga Obajana da Kalambaina kullum.

Malamin makarantar tuƙi: To, Alhaji, ka ji. Ashe dai ana samun mota ba tare da an wanke ta wani ba.

Alhaji mai tireloli: Malam, ka sake karanta abin da jami'in ya rubuta. Direba na biyu da ke zaune gefen gogagge yana kallo, a gareji me muke kiransa? Bambancin kawai shi ne su suna biyan albashi, kuma sun yanka wa abin wa'adi, wanda na yarda ya fi namu tsari, kuma koken ɗan'uwan da ya yi magana a sama gaskiya ne, mu masu motoci muna da laifi a ciki. Amma sharaɗin mai tsaya wa mutum har su ba su yafe shi ba. Shawarata ga ɗan nan ita ce ya bar ɗora ido a kan tirela yanzu. Ya nemi ƙaramar motar kaya ƙirar kanta ko tifar yashi a cikin gari, inda mai mota ke ganinsa kullum kuma asarar ba ta kai ta doguwar hanya ba, ya riƙe ta da kyau, mai motar nan shi zai zama shaidarsa gobe. Tanka kuma kada ma ya tunkare ta tukuna, domin mai yana kaɗawa a cikin tanki a kowace kwana, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ya san abin da faɗuwar tanka ke jawowa.

Sabon direba: Na gode, iyayena. Zan nemi tifa, zan kuma kai takarduna kamfanoni. Sai dai har yanzu ina da tambaya ga Alhaji: idan na shekara ina jan tifa lafiya, mai ita kuma ya tsaya mini, za ka ba ni tirela, ko sai na sake zama yaron mota a garejinka?

Alhaji mai tireloli: Zan haɗa ka da ɗaya daga cikin direbobina ku yi sawu uku zuwa Legas, ina biyan ka, kai ke tuƙi da rana, shi da dare. Abin da ya dawo ya faɗa mini a kanka, da shi zan yi aiki.

Tsohon direba: Sawu uku ya yi kaɗan, Alhaji. A bari ya ga damina guda a hanyar Mokwa tukuna.