MGB ta 1966: birki yana kamewa in ta yi zafi, ralanti ya ƙi zama, gaba yana ƙara

Mutari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaina ya ɗaure, ku taimaka. Motar MGB ce ta 1966, mai buɗaɗɗen sama, sitiyari a dama, inji 1798, karburater SU guda biyu. Daga Kano aka shigo da ita tun da daɗewa, ta yi shekara 11 a ajiye cikin wani gida a unguwar Birni nan Damagaram, an lulluɓe ta da tampol, awaki na kwana a ƙarƙashinta. An kankare tsohon fentin har ƙarfe, an fesa ja sau uku, kujeru dukawa suka ɗinka musu fata, batura biyun nan masu volt 6 na bayan kujera an cire an sa guda mai 12, taya huɗu sababbi. Wanda ya gan ta a tsaye sai ya ce yau ta fito daga Ingila.

Matsalar in ta fara tafiya ne. Na ɗauki hanyar Mirya, ban yi kilomita 12 ba ta fara nauyi kamar an riƙe ta ta baya, pedal ɗin birki ya hau sama ya yi tauri, ga ƙauri. In na tsaya rabin awa sai ta saki. Na biyu, da sanyi ralanti, wato juyin inji in mota na tsaye, lafiya lau, in ta yi zafi sai ya haura 1500, in na taɓa shi kaɗan ta mutu. Buji biyu na gaba baƙi ƙirin, biyu na baya fari fat. Na uku, a kan gargada gaba yana ƙwal-ƙwal, tana kuma ja hagu. Saura kwana 12 ɗaurin auren ƙanena, na riga na yi masa alkawarin ita za ta ɗauki amarya.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam. Ka ba mu labarin fenti da fata, ka bar mu a duhu kan birkin. In ta kame, wace taya ke zafi, ɗaya ko duka? Me aka canza a birki? Wane mai aka zuba?

Alhaji Mamman: Ba sai an tambaye shi ba, tiyo ne. Motar nan tiyon roba uku gare ta, biyu a gaba, ɗaya a kan gadar baya. In sun tsufa daga ciki suke ruɓewa, waje sumul. Ka taka, mai ya wuce da ƙarfi, ka ɗaga ƙafa ya kasa komawa, plakat ta ci gaba da cizon disk. Jan hagun ma daga nan yake. Gwajin ba wuya: ka tuƙa har ta kame, ka ɗaga gaba da kirik, ka kwance ɗan bakin fitar da iska na etiriye, wato ƙarfen da ke matse plakat a kan disk, kwatan zagaye. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, ka kama ɓarawonka. In ba ta saki ba, fistan ɗin etiriye ne ya yi tsatsa. Ka canza ukun gaba ɗaya. Kada ka yarda a raba etiriye gida biyu, kuma in an mayar a duba bakin iskan yana sama. In an sa na dama a hagu yana komawa ƙasa, iska ba za ta fita ba ko kwana za a yi ana fomfawa.

Isufu: Alhaji, a gafarce ni. Gwajinka daidai ne, amma abin da yake nunawa shi ne matsin yana maƙale a sama da etiriye, bai ce tiyo ba ne. Ya ce pedal yana hawa ya yi tauri, yana kuma saki in ta huce. Wannan kamannin metir-silinda ne, famfon da pedal ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu. Akwai ɗan rami a cikinsa kamar bakin allura, ta nan mai ke komawa tanki in an saki pedal. In roba ta rufe shi, zafi ya kumbura man, ba shi da wurin zuwa sai ƙafafu. Motar 1966 layi ɗaya gare ta, ba a raba gaba da baya ba, don haka huɗun za su kama tare. In ta kame, a kwance bututun da ke fita daga metir ɗin kansa. In duka sun saki, tiyo ba shi da laifi. A duba kuma pedal yana da ɗan wasa kafin sandar ta taɓa fistan, da ko sufirin ɗinsa yana maido shi har ƙarshe.

Mutari: Huɗun suna zafi, na gaba sun fi. Makanikina ya canza robobin metir da na tambur ɗin baya, tiyo bai taɓa ba don ya ce suna da kyau. Mai kuwa mai tsada ya sa, kore ne a gwangwani, ya ce ba ya shan ruwa kamar na kanti.

Isufu: Innalillahi. Koren nan LHM ne, man Citroën. Daga ɗanyen mai ake yinsa, robar birkin Lockheed kuwa ba ta jituwa da shi, tana sha ta kumbura ta yi laushi. Ga abin da ya toshe ramin. Ka ɗiba da sirinji ka ɗiga cikin kofin ruwa: DOT 3 da DOT 4, wato man birki na kanti, suna narkewa a ruwa, LHM yana tasowa sama kamar man gyaɗa. Ka dubi robar murfin tankin in akwai, za ka ga ta fi wurinta girma. Kada ka sake hawa titi da ita, yaya. Yau kamewa take, gobe robar ta yage pedal ya tafi ƙasa, kuma a layi ɗaya ba abin da zai rage maka sai birkin hannu.

Mutari: Mutumin nan fa ya yi shekara 30 yana aikin 504 da 404, ba yaro ba ne. Kuma makon farko birkin lafiya yake kamawa. Da man ne ai da tun ranar ya nuna.

Alhaji Mamman: 504 ɗin ma ba ta shan LHM, ka tambaye shi. Roba ba ta kumbura rana ɗaya, kwanaki take ɗauka. Ni dai na ce tiyo, kuma yanzu tiyon ma sun sha, magana ta dawo inda na ajiye ta. Duk abin roba da man ya taɓa na shara ne: na metir, na fistan huɗu na etiriye biyu, silinda biyu na baya, tiyo uku. Bututun ƙarfe a wanke su da alkol a busa da iska, sannan DOT 4, lita guda ta isa har da wanki. A fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da metir. Kafin nan a saita tambur: akwai kusa mai kai huɗu a bayan faranti, a ɗaure har taya ta kame, a sassauta har ta juya. In ba a yi haka ba pedal zai yi zurfi a ce iska ce.

Habu: Wankin alkol ba ya fitar da LHM duka, yana laɓewa a lanƙwasa. A canza bututun kawai. Kuma nan ne abin ke ba ni haushi, ka je neman kan bututu a miƙo maka M10 a rantse ɗaya ne. Na motar Ingila 3/8 ne na inci, bututun 3/16. M10 yana shiga zagaye biyu ko uku kamar gaske, sannan ya cinye zaren silinda sabo. Haka kile 13 a kan bulon rabin inci, wanda yake milimita 12.7: yana kamawa har ranar da zai mulmule kan. Duk tsohuwar motar Ingila da ta ratsa garajin garin nan, ka duba kawunan bulon ɗinta ka sha mamaki.

Alhaji Mamman: In an wanke sau biyu yana fita, kada ka ƙara masa kashe kuɗi. Mu koma karburater. Na gaba yana ciyar da silinda 1 da 2, na baya 3 da 4, saboda haka bujinka sun riga sun gaya maka na gaba mai ya yi masa yawa, na baya iska. Amma ba a taɓa SU sai an gama da sauran: tazarar supap milimita 0.38 da sanyi, bis platine 0.38, buji 0.64.

Sannan ka cire filtir ɗin iska biyu. Ɗaga fistan na kowane karburater da yatsa ka saki, ya sauka ba tare da maƙalewa ba ya ce "ƙas" a ƙasa. In bai ce ba, allura tana gogar jikler, wato ɗan bututun da esansi ke fitowa ta cikinsa, sai an daidaita shi a tsakiya. Kada a goge fistan ko ƙoƙonsa da sanfefa, tsumma da esansi kawai, kada kuma a musanya ƙoƙon wannan da na wancan, kowanne da abokinsa aka auna shi. Man saman nan, 20W50 na inji ya yi, ya wuce bakin sandar fistan mai rami da kamar milimita 13. Leƙa ƙasa: bayan an mayar da cok, jikler yakan maƙale bai koma sama ba, ka tura shi da yatsa, sau da yawa baƙin buji daga nan ne. Buɗe kofin mai, juya murfin, tsakanin fulota da bakin murfi milimita 3 zuwa 5.

Saiti: ɗaure notin jikler har ya yi daidai da gadar ciki, sauko da shi fuska 12, wato zagaye biyu, duka biyun. Inji ya yi zafi, kwance maɗaurin sandar da ta haɗa karburater biyun, sa guntun tiyo a kunne ka saurari bakin kowanne har shuuu ɗinsu ya zama ɗaya, ralanti wajen 800. Akwai ɗan tsinke a gefe mai ɗaga fistan, ɗaga shi ƙasa da milimita guda. Inji ya ɗan tashi ya dawo, daidai. Ya tashi ya zauna a can, mai ya yi yawa. Ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan.

Malam Lawali: Duk wannan ba zai zauna ba in sandar bawul ɗin iska ta ci raminta. A fesa ɗan esansi a gefen sandar na baya inji na ralanti, nesa da wuta, in murya ta canza iska ke shiga ta nan. Mutari, wane famfon mai ke kai? SU ba ya son matsi sama da kamar bar 0.2. Kuma farantin kare zafi da ke tsakanin karburater da bututun hayaƙi yana nan? A watan Afrilu na Damagaram in babu shi esansi tafasa yake a kofi.

Mutari: Famfon asali ya mutu, an sa na wata motar Japan, ban san matsinsa ba, amma yana aiki sosai. Farantin makaniki ya cire, ya ce ya tsage kuma ba ya komai. Esansi ina sa filtir kafin ya shiga, ko na ruwa-ruwa ne.

Habu: Ka huta da wahala, ka sa karburater Weber 32/36 da manifol ɗinsa. Guda ɗaya ne, ba sauraron tiyo a kunne, kowane yaron garaji zai iya wanke shi.

Alhaji Mamman: Wanda bai iya SU ba shi ke zagin SU. Abin da ke motsi a cikinsa bai kai yatsun hannu ba. A maido faranti, a sa abin rage matsi bayan famfo, a gani.

Laminu: Ba wanda ya taɓa maganar gaba. Amortiser ɗin motar nan Armstrong ne mai hannu, na gaba kuma shi ne hannun sama da ke riƙe da ƙafa, bulon huɗu suka ɗaure shi a kan gada. In sun yi sako-sako, ƙwal-ƙwal ɗin ke nan, a fara da su. Akwai murfin zuba mai a jikinsa, a goge ƙura sosai kafin a buɗe, a cika da man amortiser mai kauri 20, irin na ƙafar gaban babur ya yi. In yana tsiyaya ta gindin hannu, cikawa ba ta da amfani. A sa kirik ƙarƙashin farantin rasor, wato babban sufirin na ƙafa, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, wani ya taka birki: wasa ya ɓace, rulma ne, milimita 0.05 zuwa 0.10 ake bar masa, da siraran wasa ake saita shi. Bai ɓace ba, sandar da ƙafa ke juyawa a kanta ce ta ci, ita da ke son giris duk kilomita 5000 ta yi shekara 11 ba ta gani ba. Silambulok, wato robobin gindin hannun ƙasa, in an canza, ba a ɗaure su sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba suna yagewa. Rasor kuma yana ɗaure da ƙarfin da zai karya hannu, kada a kwance farantinsa babu kirik a ƙasa. Jan hagu a bar shi sai birki ya gyaru, sannan a auna, gaban tayoyi ya shigo ciki milimita 1.5 zuwa 2.4. Ƙafafun na waya ne ko na faranti? In na waya ne haƙoran cibiya ma suna irin wannan ƙarar.

Mutari: Na gode ƙwarai. Na ɗiga man a ruwa, ya taso. Amma kwana 12 ba za su isa a kawo robobin etiriye daga waje ba. Na yi magana da makaniki, ya ce a zubar da koren, a sa DOT 4, a canza robar metir kawai, sauran in suka sha sabon mai za su koma daidai. Daga gida zuwa Zengo ne fa, a hankali, ba ta kai kilomita 4 ba.

Alhaji Mamman: Robar da ta kumbura ba ta komawa. Ka aika Kofar Ruwa a Kano da tsofaffin a hannu a gwada, in ba a samu ba amarya ta shiga wata motar.

Habu: A Kofar Ruwan ma sai a ba shi mai kama da ita a ce ita ce. Ya auna da kalifa kafin ya biya.

Mutari: Zan fara da metir ɗin dai in ga yadda za ta yi.

Laminu: Ba ka faɗa mana ba, na waya ne ko na faranti?