Ta yaya makiyayan Mongoliya ke tsallake hunturu?

Mai_Tambaya: Jama'a, sanyin can yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Me dabbobinsu ke ci, kuma sau nawa suke ƙaura?

Dan_Ruga: Malam, aƙalla sau huɗu a shekara. Mashekarin hunturu yana jikin dutse ta kudu, inda iskar arewa ba ta bugawa, ga tsohon kashin dabbobi da ya taru ya zama shimfiɗa mai ɗumi. Wajen watan Agusta suke yanka ciyawa su adana. Bukkarsu, ger, cikin awa biyu an warware an ɗora a mota.

Hajiya_Kiwo: Bala'in shi ne dzud. Idan fari ya hana dabba yin ƙiba da rani, sannan ƙanƙara ta daskare kan ciyawa, tumaki ba sa iya tonowa da kofato. A hunturun 2023 zuwa 2024 sama da dabbobi miliyan 7 suka mutu. Shi ya sa wasu ke tafiya otor, wato kora garke nesa neman makiyaya.

Dan_Ruga: Gaskiya ne, Hajiya. Kuɗin hannu kuma daga gashin awaki yake, ana taje shi da bazara, kimanin giram 300 kowace akuya. Sai dai awaki na tumɓuke ciyawa har saiwa, makiyaya na ta lalacewa.