Tahiyar keke a bakin teku, Kwatano zuwa Lome: wa ya taɓa yi?

Ɗan Yantala:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokina muna Yamai, mun saba hita da belo, wato keke, har wajen Bubon mu dawo, amma yanzu abin da ya shiga raina shi ne teku, tunda mu nan Nijar sai dai kogi. Muna son mu ɗora kekunan a motar bas zuwa Kwatano, daga can mu bi bakin ruwa har Lome, kilomita wajen 150 ne, kwana 4 ko 5 ba gaggawa, muna kwana cikin tanti inda dare ya same mu. Wa ya san hanyar nan? Wane wata ya fi, kuma ana barin mutum ya kafa tanti a bakin teku haka kawai?

Mai faci na Wadata:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni hanyar ban bi ta da keke ba amma aikina gyaran keke ne. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin sarƙa da wayar birki, ka ga keken da ya yi sati a can duk ya yi ja da tsatsa. Ku riƙe man sarƙa da tsumma, kullum da marece ku goge ku shafa. Yashi kuma in ya haɗu da mai ya zama kamar sabulun dutse yana cinye haƙoran giya, don haka kar ku cika man. Taya mai faɗi za ku sa, siririyar nan ta tsere nutsewa za ta yi. Famfo, faci, robar ciki guda biyu kowa, da waya ta ɗaure kaya.

Tsohon direban Kwatano:
Ɗana, na yi shekaru ina jigila tsakanin tashar jirgin ruwa da Gaya, bari in gaya maka abu guda da ya fi duk sauran: ku juya tahiyar. Ku fara daga Lome ku nufi Kwatano. Iskar wajen galibi daga kudu maso yamma take busowa, in kun tashi daga Kwatano tana bugun ƙirjinku yini guda ga kaya a bayan keke, in kuwa daga Lome ne ita za ta riƙa tura ku.

Daga Lome sai Agbodrafo sai Aneho, gaɓar Togo gajera ce, kilomita hamsin da 'yan kai, sai iyaka a Hilakonji ku shiga Benin, nan kusa Grand-Popo take kuma nan ne ya cancanci ku yi kwana biyu, ga itatuwan kwakwa jere ga masunta suna jan koma da asuba, mutum talatin ko fi a igiya ɗaya suna waƙa, wallahi abin kallo ne. Amma ku sani bakin ruwan bai miƙe har Wida ba, kogin Mono ya yanke shi inda yake faɗawa teku, dole ku koma kwalta ta Kome, kuma can manyan motoci ne ba sa ragawa mai keke, kar magariba ta same ku a kanta. A Wida ku je ƙofar nan da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka kwashe, daga nan hanyar masunta ta kai ku Kwatano, kilomita wajen 40, wani wuri kwalta wani wuri yashi sai an tura.

Lokaci kuwa Disamba zuwa Fabrairu, damina can tana farawa tun Afrilu kuma sau biyu ake yinta a shekara. Wajen 10 ga Janairu Wida cike take saboda bikin gargajiyarsu.

Hajiya ta Tawa:
Ni batun kwana a tanti ne bai kwanta mini ba. Haba 'ya'yana, ƙasar mutane, ba yarensu kuke ji ba, ku kwanta a fili? Lome da Kwatano duk akwai Zango, Hausawa cike, ku sauka wurin 'yan uwa mana. Kuma don Allah kar ku ce za ku yi iyo, ruwan nan yana ja ta ƙasa, ba irin na kogin Isa ba ne, mutum yana tsaye ruwa iya cinya sai ya ji ƙafarsa ta tafi.

Tsohon direban Kwatano:
Hajiya kin yi gaskiya a kan ruwa. Tantin kuwa ana iya yi, in dai ba a keɓe ba, su je wajen mai gari ko shugaban masunta su yi sallama su nemi izini, ko masaukin bakin teku su biya kaɗan a bar su su kafa a harabar. Nesa da ruwa, don da dare yana hawowa. Gidan sauro dole.

Ɗan Yantala:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka. Maganar iskar nan sam ba mu yi tunaninta ba, za mu fara daga Lome in sha Allahu. Kuɗi dai sefa ce duk ƙasashen biyu, katin rigakafin shawara muna da shi. Saura batun komowa ta Malanbil, tunda tun 2023 gadar iyaka da ke tsakaninta da Gaya ta shiga matsala mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale, akwai wanda ya bi kwanan nan da kaya mai nauyi kamar keke ya gaya mana yadda ake ciki?