Ƴar na'urar gefen gado mai intanet, a saya ko a bari?

Auta: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema kafin in fitar da kuɗina. Kun san ƴar na'urar nan da ake ajiyewa a gefen gado, mai ɗan sikirin inci 4 ko 5 da wani abu, tana hawa wayfai, ta nuna lokaci da yanayin gari, ta tashe ka da safe, in ka yi mata magana ta kunna rediyo ko ta karanto maka labarai, irin su Echo Show 5 ta kamfanin Amazon da Lenovo Smart Clock? Ni dai na riga na gamsu duk mai son barcinsa ya gyaru ya kamata ya saye ta, don ita kaɗai ce za ta sa mutum ya iya fitar da waya daga ɗakin kwana. Ya kuka gani?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Gaskiya Auta ban yarda ba. Faɗa min abu ɗaya tak da take yi wanda wayarki ba ta yi. Agogo akwai, alam akwai, rediyo akwai, yanayin gari ma akwai. Kuma waya tana da batir, su kuwa yawancinsu a jikin soket suke rayuwa, wuta ta ɗauke ƙarfe uku na dare shikenan ta mutu, alam ɗinki na ƙarfe biyar ya bi ta. Ki sayi abu don ya tashe ki, sannan ki sake saita alam a waya don kar ya ba ki kunya, to me aka yi kenan?

Maman Biyu: Yaya ai amsar tana cikin maganarka, matsalar waya kenan, komai tana yi. Mutum ya farka tsakar dare lokaci kawai yake son gani, yana ɗaga waya sai ga saƙonni sun taru, ya ce bari in buɗe ɗaya, daga nan sai bidiyo, kafin ya ankara barcin ya gudu. Ni ina da irinta kuma wallahi abin da ya sa nake sonta shi ne saƙon kowa ba ya shigo min ta cikinta. Da an kashe fitila ita da kanta take rage haske har sai lambobin sun koma dishi-dishi, in na juya na ga 2:40 na mayar da kai kan filo. Ranar da yaran suka ƙi barci, ɗaya a kafaɗa ɗaya a cinya, hannu biyun duk a cike, da baki nake ce mata ta kunna sautin ruwan sama, ta kunna. Waya kuwa tana falo tana caji har gari ya waye.

Yaya Babba: To ai ita ma waya ana yi mata magana ta kunna.

Maman Biyu: Ana yi, amma sai tana kusa da kai, kuma in tana kusa da kai sai ka ɗauke ta. Ka gwada ka gani.

Anti Nas: Bari in sa baki tunda maganar barci ce, mu masu aikin dare mun san zafinta. Maman Biyu ta yi gaskiya a rabin maganar. Haske da daddare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki dare ya yi, sannan abin da kake karantawa a waya yana tayar da hankali ko da ka rage hasken, babba kuma yana buƙatar awa 7 ko fiye. Duk wannan haka yake. Amma abin da ya gyara miki barci fitar da wayar ne, kuma agogo na gargajiya mai batir ma zai ba ki damar fitar da ita, bai san intanet ba. Ke Auta kin ce ita kaɗai ce, nan ne ban bi ki ba. Wani abu kuma, masu fama da rashin barci likitoci har cewa suke su juya fuskar agogo bango, domin yawan duba lokaci da lissafin saura awa nawa gari ya waye shi kansa yana hana barci. To mai irin wannan matsalar in ka ajiye masa sikirin a saitin idonsa ba ka taimake shi ba.

Auta: Anti amma akwai wadda take auna barci fa, Nest Hub ta Google ta 2021.

Anti Nas: Na san ta, tana da ɗan rada a ciki da ke lura da motsi da numfashi, ba kamara, makirifo kuma yana kama tari da minshari. Abu ne mai kyau ga wanda yake son ya ga tsarin kwanciyarsa, ƙarfe nawa yake kwanciya ƙarfe nawa yake tashi. Amma hasashe take yi daga motsi, ba ta kai gwajin asibiti da ake manna wa mutum wayoyi a kai ba. Wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci likita zai gani. Kuma akwai mutanen da in na'ura ta ce musu ba su yi barci mai kyau ba sai su wuni a gajiye alhali da lafiya suka tashi. Abin da na yarda da shi a cikinsu shi ne hasken da ke ƙaruwa a hankali kamar rabin awa kafin alam, yana sa tashi ya yi sauƙi, sai dai shi ma akwai fitilun da ke yi ba tare da wayfai ba.

Injiniya: Ni duk ba wannan ce ta dame ni ba, ku ji labarin Chumby tukuna sannan kowa ya yanke. Wata ƴar na'ura ce da wani kamfani a San Diego ta Amurka ya fito da ita, an fara nuna ta a 2006 aka shiga sayarwa a 2008, sikirin inci 3.5, jikinta laushi, dai-dai abin da Auta take kwatantawa, agogo, rediyon intanet, hotuna, labarai, mutane suka so ta sosai. To amma duk ƙananan manhajojin da take nunawa daga sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa ta intanet, suke zuwa, ita kanta ba ta riƙe su ba, 2012 kamfanin ya durƙushe, farkon 2013 aka kashe sabar, mutane suka wayi gari abin da suka saya da kuɗinsu ya koma agogo kawai, sai a 2014 wani ƙaramin kamfani ya dawo da hidimar amma da biyan kuɗi duk wata. Na'urar lafiyarta ƙalau fa, ba abin da ya ƙone a ciki. Sony ma ta yi tata mai suna Dash a 2010 kan tsarin Chumby ɗin, 2017 ta janye hannu. Shi ya sa nake cewa irin wannan kayan kamar gidan haya ne, kai ne a ciki amma makullin ƙarshe yana hannun mai gida.

Auta: Yaya Injiniya ai wancan ƙaramin kamfani ne. Amazon da Google za su durƙushe ne?

Injiniya: Ba sai sun durƙushe ba ƙanwata, su ga abin ba ya kawo musu riba ma ya isa. Sony ƙaramin kamfani ne? Spotify fa, mai manhajar sauraron waƙoƙi, ta sayar da ƴar na'urar mota mai suna Car Thing, Disamba 2024 ta kashe ta gaba ɗaya, kuma kamfanin yana nan da ransa. Agogo mai batir kuwa in kin saya yau, ba wanda zai zauna a ofis a wata ƙasa ya yanke ranar mutuwarsa.

Kawu: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ba wanda ya taɓo abin da ya fi girma a wurina. Ɗakin kwana ne fa ake magana. Nan mutum yake maganar da ba ya yi a ko'ina, da iyalinsa, kan kuɗi, kan rashin lafiya, kan ƴaƴa. A nan za a dasa makirifo mai haɗe da intanet? A 2018 a Portland ta Amurka, Echo ta naɗi hirar wasu ma'aurata a gidansu ta tura wa wani da ke cikin lambobinsu, kamfanin da kansa ya amsa haka ta faru, ya ce na'urar ta yi kuskuren jin kalmomi ne. A 2019 kafar labarai ta Bloomberg ta fitar da cewa akwai ma'aikata da ke sauraron wasu daga cikin muryoyin da Alexa, wato manhajar da ke amsa magana a cikin Echo, ta naɗa, a shekarar kuma gidan labarai na VRT a Beljiyam ya samu irin wannan naɗin na Google, ciki har da waɗanda aka ɗauka ba tare da an kira na'urar ba. A 2023 Amazon ta yarda ta biya tarar dala miliyan 25 a Amurka kan ajiye muryoyin yara. Ni wannan ya ishe ni hujja.

Auta: Kawu Allah ya ƙara girma, amma waya ma tana da makirifo da kamara har biyu ko uku, kuma a ƙarƙashin filo mutane suke kwana da ita.

Kawu: Haka ne ƴata. Shi ya sa da kika ce a fitar da waya na ji daɗi. Sai kuma kika ce a shigo da wata kunnen a madadinta.

Injiniya: Kawu a nan kam zan ɗan sassauta, a yi mata adalci. Yadda suke aiki, na'urar tana sauraron kalmar kiranta ne a cikin kanta, sai ta ji ta ko ta ɗauka ta ji ta sannan ta fara tura sauti zuwa sabar, matsalar tana wajen wannan ɗaukar, wani lokaci talabijin ko hira sai ta tashe ta. Akwai maɓallin kashe makirifo a jiki, Echo Show 5 tana da ɗan murfin da ake ja a rufe kamara, Lenovo Smart Clock ba ta da kamara sam, Echo Spot ta 2017 ta zo da kamara mutane suka yi ta ƙorafi, wadda aka fitar 2024 babu. Kuma ana iya shiga saiti a goge muryoyin da aka adana. Abin da na fi tsoro su ne marasa suna masu araha da ba a taɓa sabunta musu manhaja, kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ita ce har abada, irin waɗannan kayan ne wata muguwar manhajar kutse mai suna Mirai ta kama a 2016, kamarori da rawutocin wayfai, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter na sa'o'i.

Yaya Babba: To kun gani. A kashe makirifo, a rufe kamara, a juya sikirin bango in ji Anti, me ya rage? Agogo. Mun dawo inda na fara.

Maman Biyu: Aa Yaya kar ka haɗa su duka ka ɗora wa mutum ɗaya mana. Ni ban kashe makirifo ba, tawa ba kamara, kuma ban da matsalar duba lokaci. Na san abin da na bayar na san abin da na karɓa. Maganar Kawu ta shige ni ba zan ɓoye ba, yau ɗin nan zan shiga saitin in ga me aka adana in goge, amma ba zan cire ta ba.

Anti Nas: Akwai kuma waɗanda nake ganin ta fi yi wa amfani fiye da mu duka, ba a ambace su ba. Mai raunin gani da zai tambayi lokaci a gaya masa, dattijon da yatsunsa ke rawa ba ya iya latsa ƙananan maɓallai, majinyacin da ke kwance yana buƙatar tunin shan magani ko ya kira wani daga ɗaya ɗakin. Irin waɗannan ba zan ce musu asarar kuɗi ba ce, da sharaɗin na'urar tana jin yaren da suke yi, don harsunan da suke ganewa ƙalilan ne, kuma kar a dogara da ita ita kaɗai kan magani.

Yaya Babba: Wannan na yarda Anti. Amma Auta lafiyarta lau, idonta garau, cewa ta yi kowa ya saya.

Auta: To na janye kalmar kowa, amma ni har yanzu raina yana kanta. Rediyo da sautin ruwan nan nake so, agogo mai batir ba zai ba ni su ba.

Yaya Babba: Ki fara kwana da waya a falo na ɗan lokaci da agogo na gargajiya. In kin iya, kin huta da sayen. In kuma kin ga kina tashi cikin dare kina zuwa ɗauko ta, na'urar ma ba za ta hana ki ba.

Maman Biyu: Ni kuwa sai da na samu abin da ya maye min gurbin rediyon sannan na iya barin wayar, kowa da yadda yake.

Kawu: Ni dai a ɗakina ba za ta shiga ba. In dole sai kin saya, ki nemi marar kamara, ki kuma sanar da duk wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, don shi ma muryarsa ce.

Injiniya: Kuma kafin ranar mayarwa ta wuce ki yi mata gwaji biyu. Ki saita alam ki kashe wayfai ki ga ko zai buga. Sannan ki zare ta daga soket ki mayar, wayfai a kashe, ki ga ko ta tuna lokaci da alam ɗin ko tsayawa za ta yi tana neman intanet. Ki duba kuma shekarar da aka fitar da samfurin da ko kamfanin ya faɗi har yaushe zai ci gaba da sabunta ta, in tsohuwar ajiya ce da aka daina yi kar ki karɓa ko da an rage miki.

Auta: Toh na ji. Yaya Injiniya akwai mai batir a ciki kuwa, ko ta ajiye alam in wuta ta ɗauke?

Injiniya: Waɗanda kika lissafa da farko duk sai da soket. Ki ajiye ƙaramin agogo mai batir a kusa saboda ranar da kike da tafiyar sassafe.